Baba Kolo, Mun Zauna a Ƙofar da Ba Ita Ba

Ranar Talata, goma sha biyar ga watan Afrilu na shekarar 2025, mako biyu da wucewar ƙaramar salla, Allah ya karɓi ran Malam Kolo Zakariya'u na unguwar Birni, nan Damagaram, wanda mu mutanen Kara-Kara muke kira Baba Kolo. Da hantsi ya cika, a gadon likita, wato asibiti, bayan jinyar wata biyu, yana da shekara saba'in da uku. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Shi ya bayar, shi ya karɓi abinsa, babu mai ja.

Radiyo ta faɗi rasuwarka tun kafin azahar, Baba. An ce ƙasa ta yi rashin gwarzon kare haƙƙin ɗan Adam. Masu manyan riguna sun yi jawabi, sun gama, sun koma gidajensu. Ni Nomau, mai fasa dutse, na bari sai da aka kwana goma sannan na zauna rubuta nawa, domin kai ka ce mini kada in taɓa yin magana ina huci. Na jira hucin ya sauka. Bai sauka duka ba, amma ya sauka yadda hannuna zai iya riƙe alƙalami.

Wanda ba ɗan garin nan ba ne, bari in gaya masa mu su wane ne. Kara-Kara unguwa ce a gefen Zinder, Damagaram ɗin nan tamu, inda tun zamanin kakanni ake kai waɗanda kuturta ta kama a ajiye. Ciwon ya daɗe da samun magani. Yawancinmu da aka haifa a can ba mu taɓa yin sa ba, yatsunmu goma cif. Amma ciwo yana warkewa, sunan unguwa ba ya warkewa. Babana manomi ne daga wani ƙauye na wajen Gaffati, mai gero da gyaɗa. Da tabo ya fito masa, ƴan'uwansa suka yi masa bukka a ƙarshen gona, da aka gama girbi suka ɗora shi a amalanke suka kawo shi gari, suka koma suka raba gonar. A Kara-Kara aka haife ni, tsakiyar damina, ya sa mini Nomau, alhali ba shi da ko taki ɗaya na ƙasar da zan noma.

A garin nan ba a cika zaginmu ba. Da zagi ne da sauƙi, ka rama ka wuce. Abin da ake yi mana shi ne kofi. Ka je wurin mai shayi, ya gaishe ka da fara'a, ya tambaye ka daga ina, kana faɗa sai ka ga hannunsa ya tsallake kofunan gilashi ya laluɓo wani gwangwanin tumatir a ƙarƙashin tebur. A ƙofar wani masallacin akwai butar da aka ɗaura wa jan ƙyalle. A wasu gidaje akwai moɗar da ke rataye a ƙusa a waje, rana ta cinye ta, ba ta shiga randa, daga sama ake tsiyayo maka ruwa a ciki. Duk da murmushi ake yi. Mun taso mun tarar da haka, har mukan miƙa hannu mu ɗauko gwangwanin da kanmu don mu hutar da mai wurin.

Kai ba namu ba ne, Baba. Ɗan Barebari ne kai na cikin Birni, gidan fatake, ka yi lakwal, makarantar boko, har ka zama malamin lakwal. Ka sha ba mu labarin yadda abin ya fara. A ajinka akwai randa, a gefenta gwangwani a rataye saboda ɗalibai uku ƴan unguwarmu. Ka ɗauki gwangwanin ka mai da shi naka, shekara guda a cikinsa kake sha gaban kowa. Iyaye suka kai ƙara, aka jefa ka wani ƙauye mai nisa inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Shekara shida ka yi a can. Da ka dawo, ba ka dawo da hankalin da aka tura ka nema ba. Ka kama ɗaki ɗaya mai rufin kwano a Kara-Kara, ka kafa ƙungiya, ka sa mata suna Moɗa Ɗaya.

Aikinka ba na ihu ba ne. Ka ɗauki ɗaya daga cikinmu, ku je wurin da ake ware mana kofi, ka roƙi ruwa. In an kawo biyu ka mayar da ɗaya. Namu ya fara sha, kai ka shanye saura, sannan ka dubi mai wurin ka ce ya ba ka gwangwanin nan kyauta tunda ba shi da sauran amfani. Wasu kunya ta sa su bayar nan take. Wanda ya ƙi, sai ka shimfiɗa buzunka a ƙofarsa ka zauna. Ba zagi, ba buga ƙofa. Gobe ka dawo da mutum biyar, jibi da ashirin. Kakan ce wanda ya buga ƙofa ya ba mai gida hujja, wanda ya zauna kuwa ya bar shi da kunyarsa. A bangon ɗakin ƙungiya yau akwai ƙusoshi jere, kowace da abin da aka rataya mata: gwangwani, moɗa, buta, sakaina. Kowanne da takarda a manne, sunan wurin da kwanan wata. Ranar da ka kwanta ciwo arba'in da ɗaya ne.

Da zaman nan ka karɓo wa yara ɗari biyu da goma sha huɗu takardar haihuwa, waɗanda wani buro, ofishin hukuma, ya shekara uku yana ce wa iyayensu su dawo gobe. Kwana tara muka yi muna zuwa bakin ƙofar, da tsofaffi da masu goyo. A rana ta tara mai buron ya fito da kansa yana sharar gumi, ya ce don Allah a shigo ɗaya-ɗaya. Da zaman ka fito da samari goma sha bakwai da aka kwashe a kame ɗaya, saboda an yi sata a wata unguwa, kuma in an rasa ɓarawo a garin nan wurinmu ake zuwa nema. Kwana arba'in da uku suna tsare ba wanda ya gaya musu laifinsu. Ka zauna a bakin wurin tare da uwayensu. Rana ta huɗu wani mai kaki ya kwaɗa maka marin da ya kashe maka kunnen hagu har abada. Ka tashi, ka karkaɗe hularka, ka koma ka zauna. Daga baya in mutum yana zaginka sai ka juya masa wannan kunnen, ka ce ya zuba a nan, rumbun da ba kowa ne. Cikin waɗanda suka fito akwai abokina Mutari. Ya fito ba haƙoransa biyu na gaba, kuma bai sake yarda da kowa ba sai kai.

Ba duka ne a ƙofar hukuma ba. Kai ka jawo wani lokotoro, mai duba marasa lafiya, gidan radiyo, ka sa ya faɗa da Hausa, sau uku, cewa wanda ya sha magani ba ya sa wa kowa. Akwai wata bazawara ƴar unguwarmu da ta kafa kaskon ƙosai a bakin tasha ba mai saye. Ka shekara kana karya kumallo a gabanta kullum, kana gaishe da masu wucewa da ƙosai a hannu, ga gyambon ciki da ke damunka, har sai da ka ga layi ya kafu sannan ka huta. Sai kuma Ɗanƙarami, dattijon unguwarmu, wanda ciwo ya cinye wa yatsu tun yana saurayi. Wanzamai ba sa taɓa shi. Kowace Juma'a da safe kake zuwa da askarka ka yi masa aski, ka ɓalla masa maɓallin riga, ku tafi masallaci. Ba ka iya askin ba. Kullum sai ka yanke shi, shi kuma kullum sai ya ce ciwo ya bar masa kunnuwa, Allah ya turo Kolo ya ƙarasa.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba: ba ka da daɗin zama. Kana da baƙar magana, ba ka iya lallashi ba. A ajin yaƙi da jahilci da ka buɗe mana na koyi abin da nake rubutawa yanzu, bayan shekara biyun da na yi a lakwal na gudu. Ka ce rubutuna kamar sawun ƙadangare a kan yashi, ka ce in tafi da kan nan nawa wurin aiki a haɗa shi da sauran duwatsu. Wata rana wasu baƙi suka zo da na'urar hoto, suka ce tsofaffi su ɗaga hannuwansu sama a ɗauka. Tsofaffi har sun fara ɗagawa, sun saba. Ka ce wa babban baƙin ya yaye rigarsa mu ɗauki tumbinsa tukuna, tunda kowa abin da ya fi fitowa a jikinsa za a nuna. Suka koma da abin da suka zo da shi, har da buhunan shinkafa. Mutane suka yi mako ba sa gaishe ka, don yunwa ake yi shekarar. Ka ce yunwa tana wucewa, hoto ba ya wucewa. Gaskiya ka faɗa. Amma kai ka koma Birni ka ci tuwo a ranar, mu ba mu ci ba. Na lura da wannan tun lokacin, ban faɗa ba sai yau.

Ga abin da ya ɗaure ni da kai. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ina ɗan shekara goma sha tara, babana ya rasu. Mai yi wa unguwa wankan gawa ya yi tafiya, tsofaffin da suka san yadda ake yi kuwa babu mai yatsun riƙe buta a cikinsu. Ƴan'uwan babana biyu suka zo daga ƙauye, suka tsaya a bakin ɗaki hannuwa a baya. Ɗaya ya ce a watsa masa ruwa daga nesa ya isa, Allah ya san uzuri. Ɗayan ya ce a nemo leda a sa a hannu. Mutumin da ya sha magani ya warke tun kafin a haife ni. Ana cikin haka ka iso, ba wanda ya kira ka. Ka cire babbar riga ka rataye a katanga, ka naɗe hannu, ka ce a kawo ruwa da ganyen magarya, ka ce ni in shigo in riƙe buta. Ka wanke shi a hankali, dama sannan hagu, ka bi dungun hannuwansa kana cuɗawa kamar yatsun suna nan. Ina kuka, ruwa yana zuba ba inda ya kamata ba. Ka ɗago kai ka ce:

"Buɗe idonka ka duba da kyau. Wata rana kai za ka yi mini."

Na ɗauka maganar ƙarfafa zuciya ce. Sai ga shi kwana huɗu kafin ka cika, na je duba ka a likita, ƴarka Zakiyya tana zaune tana yi maka fifita. Ka sa ta matso, ka ce ta zama shaida: Nomau ne zai wanke ka, Ɗanƙarami ya tsaya a kai, samarin Kara-Kara su ɗauki makara. Ka maimaita sau biyu. Zakiyya ta ce ta ji. Na ce ko a rubuta, tunda kai ka koya mana cewa abin da ba ya kan takarda iska ne. Ka harare ni, ka ce gidanku ne, ba buro ba.

Ranar Talata ina kan dutse waya ta shigo. Na ajiye guduma. Kafin rana ta ɗaga sosai mun haɗu mu sittin da wani abu, maza da mata. Bazara ce, famfon unguwa kwana uku bai kawo ba. Gida-gida aka bi, wannan ta ba da moɗa biyu, wancan ya ba da rabin bokiti, har bido biyu, manyan jarkoki, suka cika: ruwan wankanka. Na tsinko ganyen magarya. Tsofaffin da ba sa iya tafiya muka ɗora a amalanke. Kowa ya sa rigar sallarsa don kada mu kunyata ka. Muka shiga Birni a ƙafa, lungu-lungu cikin yashi, mutane suna mannewa jikin bango suna ba mu hanya fiye da yadda muke buƙata.

Ƙanenka Alhaji Suma'ila ya tare mu a bakin zaure. Ya amsa gaisuwa da kyau, hannuwansa duka biyu riƙe da carbi. Na durƙusa na gaya masa wasiyya. Ya ce ya ji, Zakiyya ta faɗa masa. Ya ce ana jiran manyan dangi su iso, jana'iza sai bayan la'asar, in lokacin wanka ya yi za a kira ni. Matanmu suka nufi ciki, ya ce ciki ya cika, su ɗan dakata. Sannan ya dubi lungun, ya dube mu, ya ce:

"Ku samu wuri. Ai ku kun iya zama."

Muka zauna.

Baba, kai ka ce ina da ido, to ga abin da idon ya gani. Na ga ba a shimfiɗa tabarmi a ƙofar ba, gidan mutuwa kuwa da tabarma ake gane shi. Na ga wani mutum tsaye a bakin lungu, duk mai babbar rigar da ya ɓullo sai ya raɗa masa magana, ya leƙo mu, ya juya. Na ga dangin da ke shiga zaure ba sa barin takalmansu a ƙofa, a hannu suke shiga da su. Na ga ba a shigo da makara ba. Na ga awa uku ba a fito mana da ko kurɓin ruwa ba. Duk na gani, kuma kowanne na nemo masa dalili.

Mutari bai nemi dalili ba. Ya matso ya ce mini tsohon nan wasa yake mana da hankali, mu tashi mu shiga, mu ashirin ne masu ƙarfi, wa zai hana. Samari har sun fara miƙewa. Ni na hana. Na ce Baba bai taɓa buga ƙofar kowa ba, ba za a fara da tasa ba. Na ce duk wanda ya ɗaga murya a nan ya rushe aikin shekara talatin. Suka koma suka zauna, don sun san ni ka zaɓa. Rana ta dawo tsakar ka, inuwar katanga ta tsuke har ba ta rufe ƙafar mutum. Wata tsohuwa ta fara ganin jiri, aka ce a buɗe bido ɗaya, ta ce ko za ta mutu ba ta shan ruwan wankan Baba. Muka raba alwala da buta biyu da muka zo da su, muka yi azahar a cikin lungun, fuska gabas, ƙofarka a bayanmu.

Ashe lokacin ne.

Ana gab da la'asar Zakiyya ta fito, ba takalmi, idonta ya kumbura. Ta tsaya a bakin zaure ta kasa duban kowa. Ta ce:

"Nomau, ku tashi. Babu kowa a ciki sai mata. Tun azahar aka fita da shi ta gidan Baba Suma'ila."

Gidanka da na ƙanenka baya da baya suke, akwai ƴar ƙofa tsakaninsu da aka huda saboda mata, nasa gidan kuma wani lungu yake kallo. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa wurinka, ban taɓa wuce zaure ba, ina zan sani? An ɗauko mai wanka daga wata unguwa, an wanke ka, an sallace ka a can ƙofar, manyan baƙi a sahun gaba. Zakiyya ta ce ta tuna wa ƙanen babanta wasiyya, ya ce maganar zazzaɓi ce. Ya ce ba za a faɗa a Birni wai ɗan gidan Zakariya'u kutare suka wanke shi ba, akwai ƴanmatan gidan da ba su yi aure ba tukuna. Daga azahar zuwa fitowarta ya fi awa guda. Ban tambaye ta abin da ya riƙe ta ba. Ita ce dai ta fito.

Mutari ya juyo. Ya dube ni, ya tsartar da yawu ta gurbin haƙoransa, ya ɗauki bido ɗaya ya saɓa. Da ya zage ni da na fi so.

Da muka isa maƙabarta ba kowa sai mai gadi. Sawun motoci a ƙofa, ledojin ruwa da aka shanye an zubar ko'ina. Manya sun huta da rigimar kofi, kowa da ledarsa. Mai gadi ya nuna mana wurin. An yi shi cikin gaggawa, gefen ƙafa ya fi gefen kai tudu, duwatsu sun fito. Ɗanƙarami ya ce a sauke shi daga amalanke. Ya ja gwiwa ya isa, ya shiga daidaita ƙasar da dungun hannuwansa, daga kai zuwa ƙafa, yana ture tsakuwa, kamar mai gyara wa baƙo shimfiɗa. Ba wanda ya taya shi, mun san ba ya so. Da ya gama na zuba ganyen magarya a cikin bido, na fara daga dama kamar yadda ka nuna mini, na tsiyaye ruwan a kan ƙasa. Mutari ya zuba na biyu. Ƙasar bazara ce, ta shanye kafin mu shafa addu'a. Wankan da na yi maka ke nan, Baba. Ka ce in duba da kyau, na duba. Na wanke gawa ta fi talatin a unguwa don kada hannuna ya manta, kuma a kan yashi ya ƙare.

Ranar sadakar uku muka koma, mu kaɗan, Mutari ya ƙi zuwa. Wannan karon an shimfiɗa mana tabarma a ƙarshen lungu, an kawo dabino da gumba. An kawo ruwa a sabon bokiti, da koren kofin roba an ɗaure shi da zare a hannun bokitin. Na dubi sauran tabarmi: kofunan silba ne, ba zare. Wani mai jawabi yana tsaye yana faɗin yadda ka kawar da wariya a Damagaram, ana ta cewa haka ne. Muka sha, muka yi fatiha, mutanenmu suka tafi. Ni na tsaya a bakin lungu kamar mai gyaran takalmi. Ba a daɗe ba aka fito da kofin riƙe da zarensa, kamar an riƙo ɓera ta wutsiya, aka wulla shi kan juji. Na jira aka koma ciki, na ɗauka.

A hanya ina tafe da shi wani abu ya faɗo mini. Duk zuwan da nake yi zaurenka, in ƙishirwa ta kama ni, daga jakarka kake ciro kofi, wani farin kofin ƙarfe mai tabo a baki, ka zuba daga gorarka, in sha ka sha. Ko sau ɗaya ba a taɓa fito mana da ruwa daga cikin gida ba. Na ɗauka ƙauna ce ta sa kake ba ni naka. Ƙauna ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Ka zauna a ƙofar mai shayi, ƙofar buro, ƙofar masu kaki, ka sha mari, ka ci shekara shida a daji. Ƙofa ɗaya ce a garin nan ba ka taɓa shimfiɗa buzu a bakinta ba. Ka san abin da ke cikin gidanku, ka fi kowa sani, amma da na ce a rubuta ka harare ni. Ka koya mana zama, ba ka gaya mana gidanka ƙofa biyu gare shi ba. Ina jin haushinka a kan wannan, kuma ba zan ɓoye ba don kana kwance. Nawa laifin ma na sani. Ido ka yaba mini, ni kuma na ɗauki haƙuri na rufe shi da shi, na ƙona mutum sittin a rana.

Kwana biyu kofin yana jakata ina tunanin ko in rubuta sunan wurin. Sai na tuna ranar da aka karɓo wata buta mai jan ƙyalle, wani ya ce a sakaya suna saboda girman masallaci, ka ce in aka sakaya sau ɗaya to a sauke sauran duka. Na buga ƙusa ta arba'in da biyu. Na rubuta da sawun ƙadangarena: Gidan Malam Kolo Zakariya'u, Birni, ranar sadakar ukunsa. Mutari ya shigo ya tarar da ni. Ya tsaya ya karanta a hankali yana haɗa baƙi, sannan ya karɓi guduma, ya ce na buga ta a karkace. Maganar farko ke nan da ya yi mini tun ranar Talata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ya Hadiza, matarka, wadda ta daɗe tana jiran mijin da ke zaune a ƙofofin mutane. Allah ya ba ta haƙuri, ya sa ta gama takaba lafiya. Ina yi wa Zakiyya da ƙannenta ta'aziyya, Allah ya albarkaci bayanka. Mutanen Kara-Kara, ina yi muku ta'aziyya, ina kuma neman gafararku. Alhaji Suma'ila, kai ma ɗan'uwa ka rasa, ciki ɗaya. Na ga hawayenka ranar uku, ban kuma ce na ƙarya ba ne. Allah ya ba ka haƙuri, ya ba ka tsawon rai, ranar da taka ta zo kuma ya haɗa ka da masu cika wasiyya.

Ina sanar da kai tun yanzu, Alhaji, don kada a ce mun zo ba sallama. Sadakar arba'in ranar Asabar ce, ashirin da huɗu ga watan Mayu. Za mu zo. Ni da tsofaffi a ƙofar Baba, Mutari da samari a taka. Ba za mu buga ba, ba za mu ɗaga murya ba. Ruwa kawai za mu roƙa, a kofin da ƴan gida suke sha. In ba a samu ranar ba, akwai Lahadi. Kai da bakinka ka ce mun iya.

Ya Allah, ga bawanka Kolo ɗan Zakariya'u ya zo maka, kunne ɗaya a mace, wasiyya ba a cika ba. Ka gafarta masa abin da ya yi da abin da ya kasa. Ka yalwata masa kabari, ka sanyaya shi fiye da yadda bido biyu suka iya. Ka wanke shi daga zunubi, ka haɗa shi da babana da duk waɗanda ya wanke a gidan Aljanna. Malamai sun ce a tafkin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kofuna sun kai yawan taurari. Na tambayi uku daga cikinsu, babu wanda ya taɓa jin an ɗaura wa ɗaya zare. Allah ya shayar da kai a can, Baba, ka sha ka miƙa wa na kusa da kai. Amin.